Ƙanina Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau: Musu Yake Yi, Ko Bai Sani Ba Ne?

TAMBAYA

Ni matar aure ce a Gyadi-Gyadi, gidan iyayenmu kuma yana Tarauni. Ƙanina mai bi mini, ɗan shekara 26, gyaran waya yake yi a Farm Centre. Kusan shekara biyu ke nan ya fara sauyawa. Da farko barci ne ya ƙaurace masa, ya daina zuwa majalisa, sai ya fara cewa abokan sana'arsa sun saka masa wani abu a waya suna jin duk abin da yake faɗa. Daga baya ya ce maƙwabta na zancensa ta bango da tsakar dare, alhali kowa na barci. An yi masa ruƙiyya, an yi hayaƙi. Ranar da ya farfasa wayoyin gidan ne yayyenmu suka kai shi asibiti da ƙarfi. Bayan sati uku ya dawo garau, har ya kama hannun Umma ya ce ta yafe masa, lallai ya yi rashin lafiya. Wata huɗu da sallamarsa ya ajiye magani. Yanzu ga mu a gidan jiya, kullum maganarsa ɗaya: "Ni lafiyata ƙalau, ku ne kuke so ku mai da ni mahaukaci." Baba ya ce taurin kai ne, tunda da bakinsa ya taɓa amsawa, har ya rantse in bai koma shan magani ba sai ya bar masa gida. Malam, mai taɓin hankali ya san yana da shi kuwa? In ya sani, me ya sa yake musu? In bai sani ba, yaya aka yi ya taɓa amsawa?

Daga wata 'yar'uwa, Gyadi-Gyadi, Kano

AMSA

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan jinya, Ya sanyaya zuciyar Umma.

Wasu masu taɓin hankali sun san halin da suke ciki, sun ma fi kowa sani. Wasu ba su sani ba ko kaɗan. Akwai kuma wanda zai sani bana, baɗi sanin ya ɓace masa kamar bai taɓa yi ba. Likitan da ya duba ƙaninki shi ne mai faɗin sunan ciwonsa, amma yadda kika siffanta shi, yana cikin na ukun nan. Saƙon da nake so ki kai wa Baba, cikin ladabi, shi ne cewa rashin sanin nan wani yanki ne na ciwon kansa, kamar yadda rashin barcin da jin muryoyin suke.

Bari in fara da waɗanda suka sani, don su ne mafi yawa kuma su muka fi mantawa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas, kuma galibinsu ciwon fargaba ne da ciwon damuwa. Dubi mai waswasi, wanda zai maimaita alwala har liman ya sallame bai bar bakin famfo ba. Ba ya buƙatar kowa ya gaya masa abin ya wuce ƙima. Ya sani, yana jin kunya, yana ɓoyewa, ya kasa dainawa. Ko matar da damuwa ta danne, abinci ba ya mata daɗi, barcin asuba ya gagara, kuka ba dalili. Ta san wani abu ya same ta, sai dai ta kan ba shi wani suna: ta ce jikinta ne ba ƙarfi, ta yi ta zaryar kemis ana ba ta maganin taifot da maleriya, ko ta zargi kanta da raunin imani. Irin waɗannan sanin bai gagare su ba. Abin da suka rasa shi ne wanda za su gaya wa ba tare da an yi musu wani kallo ba.

Ciwon da ke sa mutum jin muryar da babu ita, ko ya ƙudurce abin da bai faru ba, lamarinsa daban ne. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira sikizofiriniya, yana kama kusan mutum ɗaya cikin 300, kuma a maza ya fi farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai shekarun ƙaninki. Mu kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan wannan ne Baba ya gina hukuncinsa. A yawancin cututtuka haka ne. Amma a nan, abin da mutum ke duba kansa da shi, shi ne ciwon ya taɓa.

A 1914 wani likitan jijiyoyi a Faransa, Joseph Babinski, ya ba da rahoton wasu majinyata da ɓarin jikinsu na hagu ya shanye. Suna hira daidai, sun gane mutane, amma in aka ce su ɗaga hannun hagu sai ɗaya ta yi shiru kamar ba da ita ake ba, ɗaya kuma ta ce ai ta ɗaga, ga hannun kuwa a kwance. Ba ƙarya suke yi ba. Lalacewar da ta auku a ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsu ta hana labarin shanyewar isa gare su. Shi ya sa wa wannan hali suna anosognosiya. Daga baya likitocin ƙwaƙwalwa suka lura da irinsa a masu sikizofiriniya, bincike kuma ya danganta shi da raunin aikin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda da shi mutum ke auna tunaninsa ya gyara kuskurensa. An kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyata a daidai lokacin da suke jin muryoyi, aka ga sassan ji da magana suna aiki. Wato in ƙaninki ya ce ya ji maƙwabta, ji ya yi na haƙiƙa, kamar yadda kike jin kiran sallar masallacin layinku. In kika ce masa babu komai, a wurinsa ke ce mai ƙarya, ko kuma da ke aka haɗa baki.

Wannan ba na Kano ba ne kawai, ba kuma na rashin tarbiyya ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike a cibiyoyi tara, Ibadan na ciki, tare da Agra ta Indiya, Landan, Mosko da sauransu. Rahoton da ya fito a 1973 ya nuna cewa a cikin duk alamomin sikizofiriniya, rashin gane cewa ba a da lafiya ya fi kowace yawa, kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda ciwon ya tasar wa. A 1994 kuma Xavier Amador da abokan aikinsa a Amurka suka duba masu wannan ciwo 221, suka tarar kashi 57 cikin 100 na da matsakaicin rashin sani ko mai tsanani. Ki juya lissafin nan ki gani: sama da kashi 40 suna da wani gwargwado na sani. Ƙofar ba a rufe take ba. Haka mai ciwon da ke sa mutum ya hau sama, ya yi kwanaki ba barci yana kashe kuɗi yana jin ya fi kowa, sannan ya faɗo cikin damuwa: lokacin hawan ba ya yarda da kowa, in ya sauko ya kan gane har ya yi nadama. Mai gigin tsufa shi kuma da farko shi ke ƙorafin mantuwa, can gaba sai ya daina lura.

To yaya aka yi ya taɓa amsawa? Wani likita a Landan, Anthony David, ya bayyana a 1990 cewa sanin nan ba dunƙule ɗaya ba ne. Yarda da cewa ba ka da lafiya daban, gane cewa muryar da kake ji daga ciwon take daban, yarda ka sha magani shi ma daban. Mutum na iya samun ɗaya ya rasa biyu. Kuma duk suna hawa da sauka tare da ciwon. Ranar da ƙaninki ya kama hannun Umma, magani ya kwantar da ciwon, da gaske yake. Yau da ciwon ya dawo, ya sake fassara waccan ranar: a ganinsa an tursasa shi ne, ko an yaudare shi. Yau ɗin ma da gaske yake. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. A littattafansu sun bambanta wanda hankalinsa ya gushe gaba ɗaya da wanda yake gushewa yana dawowa, suka ba lokacin farfaɗowa hukuncinsa, lokacin gushewa nasa. Hadisi ma ya tabbata a kan cewa ba a rubuta wa wanda hankalinsa ya gushe laifi sai ya dawo hayyacinsa. Idan shari'a ta yi wa mutum uzuri a wannan hali, ina roƙon Baba ya yi wa ɗansa. Rantsuwar kuwa tana da mafita: wanda ya rantse a kan abu ya ga waninsa ya fi alheri, ya yi abin da ya fi ya yi kaffara, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Korar saurayi a wannan yanayi ba ta sa shi shan magani, titi take kai shi.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ba duk musun ne daga ƙwaƙwalwa yake fitowa ba, wani daga wurinmu ne. A 2004 wasu likitocin Kano, Mohammed Kabir da Zubair Iliyasu da abokansu, suka wallafa binciken da suka yi a kan manya 250 a Karfi, nan kan hanyar Zariya. Da aka tambaye su alamomin taɓin hankali, abin da suka fi ambata shi ne duka da ɓarna, surutu, da yawo a titi. Kusan rabinsu kuma suka nuna ƙyama ko tsoron mai ciwon. To ki sa kanki a matsayin saurayi mai sana'a, wanda mutane ke miƙa wa wayoyinsu masu tsada, wanda ke da niyyar aure. Idan ya ce "e, ina da shi", me ya amsa? A kunnensa ya amsa cewa shi ne wancan mai tsumma a bakin bola, ba mai ba shi 'ya, ba mai ba shi amana. Masu bincike sun lura cewa majinyacin da ya gane ciwonsa, kuma ya yarda da mummunan kallon da jama'a ke yi wa ciwon, ya fi faɗawa cikin damuwa da yanke ƙauna. Kusan biyar cikin 100 na masu sikizofiriniya kan hallaka kansu, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun farko da kuma bayan sallama daga asibiti. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ranar da gida ke murna "ya gane", ranar ce ya fi buƙatar a zauna kusa da shi. Saboda haka matsa masa sai ya furta ba nasara ba ce da za ku sa a gaba.

Shi kansa maganin yana da nasa nauyi. Haloperidol da chlorpromazine, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, kan sa sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau da yawan barci. Olanzapine kan sa ƙiba. Mai gyaran waya da hannunsa ke rawa ba zai iya riƙe ƙaramin noti ba, sana'arsa ta tsaya ke nan. Kun taɓa tambayarsa abin da maganin ke yi masa? Sau da yawa wanda ya ce ba ya buƙatar magani, abin da ke ƙasan maganar shi ne maganin na wahalar da shi, kuma wannan abu ne da likita ke iya gyarawa ta rage adadi ko sauya wani. Kada dai ku sayo masa Exol da kanku don rawar jiki, kin san yadda matasa suka mai da ita abin maye. Likita ne zai ce a ba shi ko a'a.

Amador ɗin nan da na ambata, yayansa Henry ne ya kamu da sikizofiriniya. Ya shafe shekaru yana jayayya da shi, yana kawo masa hujjoji, ba abin da ya ƙaru sai gaba a tsakaninsu. Da ya ajiye gardama ya koma sauraro, sai suka shirya, yayan ya karɓi magani ya zauna a kai, ba tare da sai ya amsa sunan ciwon ba. Hanyar da ya fitar a littafinsa na shekarar 2000 ita nake ba ku shawara, kuma ba baƙuwa ba ce a wurin duk wanda ya taɓa lallashin ɗan'uwa. A zaɓi mutum ɗaya da yake jin maganarsa, wataƙila ke ce, tunda ba ki cikin waɗanda suka kama shi. Kada a taru a kansa. Ki zauna ki ce ya ba ki labarin abin da ke faruwa, ki bari ya gama, ki maimaita masa don ya tabbata kin ji. Ba sai kin gaskata cewa an saka masa abu a waya ba, kuma kada ki yi masa ƙaryar kin gani. In ya tambaye ki ko kin yarda, ki ce: "Ni ban ji muryar ba, amma na ga kana shan wahala, kuma duk wanda ya ji abin da kake ji dole ya tsorata." Wannan gaskiya ce daga farko har ƙarshe.

Daga nan ki nemi abin da shi da kansa ya yarda yana damunsa. Zai yi wuya ya musa cewa ba ya barci. Zai yi wuya ya ce ba ya son komawa shago, ko yana son a sake ɗaukarsa da ƙarfi a gaban 'yan unguwa. A kan waɗannan za ku ƙulla yarjejeniya: mu je wurin likita don barcin, don kan ya huta, don kada abin da ya faru waccan ranar ya maimaitu. Yana da kyau yayyenku su ba shi haƙuri a kan yadda aka kai shi, ko da kaiwar ta zama dole, domin wulaƙancin ranar yana nan a ransa. Abu ɗaya da nake hana ku da babbar murya shi ne zuba masa magani a shayi ko a miya a ɓoye. Mutumin da ya riga ya yi imani ana ƙulla masa makirci, ranar da ya gano, kun tabbatar masa da zarginsa, zai iya daina cin abincin gidan gaba ɗaya.

Sunan da zai ba abin ma kada ya zama abin faɗa. In ya ce aljanu ne ko sammu, amma ya yarda ƙwayar na sa shi barci, ku bar shi a haka. A binciken Karfi kashi 46 cikin 100 sun zaɓi asibiti, kashi 34 sun fi karkata ga malamai, kuma gidaje da yawa duka biyun suke yi. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba kishiyoyin asibiti ba ne. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, tun 1954 ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya, kuma duniya ta yaba. Inda na ja layi shi ne duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti, ko a yi duka, ko a sa mari. Ba mu manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019 ba, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana ɗaure majinyaci da sarƙa, ta kuma gindaya sharuɗɗan kwantar da shi ba da yardarsa ba.

Me ya sa nake nanata komawa kan magani? Wani babban nazari da Stefan Leucht ya jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya tarar cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka cire wa magani, a waɗanda suka ci gaba da sha kuwa kashi 27. Ga wanda rigimar ƙwaya ta kullum ta raba shi da gida, akwai allura mai daɗewa a jiki, irin su fluphenazine da haloperidol, da ake yi bayan sati biyu zuwa huɗu. Ku tambayi likita a kanta, a gabansa, da shawararsa.

Ta fuskar nisa kun yi sa'a. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, a ƙofarki, kuma yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Likitocin wannan fanni a duk ƙasar nan ba su kai 300 ba, don haka layi na iya yin tsawo, sai an yi haƙuri. In ya ƙi zuwa, ke ki fara komawa inda aka kwantar da shi da katinsa, ki yi wa likita bayani, ki nemi shawarar yadda za a ɓullo masa. Ki tafi da kwalayen magungunan da aka ba shi, ki rubuta lokacin da ya daina sha, awa nawa yake barci, da abin da yake faɗa da kalmominsa. Idan yana taɓa wiwi ko wata ƙwaya, ku faɗa ba ɓoye-ɓoye, domin wiwi na tayar da irin wannan ciwo, ko da yake da yawa cikin masu shi ba su taɓa shan komai ba, kuma zalunci ne a ɗora musu wannan zargi.

Lallashin nan na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. Amma akwai halin da ba a jira: in ya ambaci kashe kansa ko ya ce ya gaji da rayuwa, in ya ce muryar na umartarsa ya yi wani abu, in ya fara ajiye makami, ko ya ƙaurace wa ci da sha. A ranar za a kai shi sashen gaggawa, ko ya yarda ko bai yarda ba, da mutum biyu ko uku da ya sani, ba igiya, ba taron 'yan kallo, kuma wani daga cikinku ya tsaya tare da shi har likita ya gan shi.